Yadda za ki faɗi ra'ayinki kan littafin kozi da littafin jinya ba ki kwafsa ba

Akwai watan da muka haɗa littafi biyu a ƴar ƙungiyar karatunmu, mu bakwai ne duk mata, Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa bayan la'asar kowa ta taho da ɗan abin taɓawa. Ɗaya irin littafin nan ne na binciken kisan kai mai sanyi wanda Turawa ke kira cozy mystery, mu dai kozi muke ce masa, ɗayan kuma wata mata ce ta rubuta labarin ciwon da ya kwantar da ita shekara da shekaru. Toh a zaman nan ni na kwafsa har sau biyu cikin awa ɗaya. Na farko na faɗi sunan wanda ya yi kisan alhali mutum uku ba su gama ba, har da mai jifa ta da filo. Na biyu kuwa, wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, cewa na yi littafin jinyar maimaici ya masa yawa, yau asibiti gobe asibiti, labari ba ya gaba ba ya baya, ga ƙanwata zaune a gefena wadda take fama da sikila tun tana goye. Ba ta yi fushi ba fa, kofin kunun ayarta kawai ta ajiye ta ce "Yaya ai haka abun yake", shikenan ɗaki ya yi tsit.

Tun daga ranar na fara lura da yadda mutane ke magana kan littattafan nan iri biyu, da baki ko a rubuce, ga abun da na tsinta. Da "ki" zan yi magana don mata na saba da su, maza ku yi haƙuri ku ɗauki naku.

Mu fara da kozi don shi ya fi sauƙi.

Kafin ki buɗe baki ki san me littafin ya yi miki alkawari. Kozi alkawarinsa a fili yake: ƙaramin gari ko unguwa da kowa ya san kowa, an kashe mutum amma ba za a tsaya ana nuna miki jini da hanji ba, ba batsa, ba ashar, mai binciken kuma yawanci ba ƴar sanda ba ce, wata ce kawai mai ido da kunne da son jin ƙwaƙwaf, kuma a ƙarshe dole a gano mai laifi gari ya koma yadda yake. Uwarsu duka ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwa mai saƙa a ƙauyen St Mary Mead a Ingila, littafinta na farko The Murder at the Vicarage ya fito a 1930, ita duk mutumin da ta gani sai ta ce ya tuna mata da wane na ƙauyensu, da haka take kama ɓarawo da mai kisa. Daga baya aka samu masu gidan burodi, masu shagon littattafai, masu kyanwa, har da tsofaffi huɗu ƴan fansho na The Thursday Murder Club da Richard Osman ya fitar a 2020, waɗanda duk Alhamis suke zama suna tono tsofaffin shari'o'in kisa da ba a warware ba. Don haka in kika zo kina cewa "littafin ba tashin hankali, ba abun tsoro, sai shan shayi da gulma", ba aibu kika faɗa ba, kamar ki je gidan mai koko ne kina ƙorafin ba ta da balangu. Haka masu cewa ai ba zai yiwu a yi ta kisa a ƙauye ɗaya ba, eh gaskiya ne, tun zamanin shirin talabijin ɗin nan Murder, She Wrote da aka yi daga 1984 zuwa 1996 ake wannan barkwancin kan ɗan garin Cabot Cove, kowa ya sani kowa ya yarda aka wuce wurin, kar ki ɓata sharhinki a kai.

Sai babbar doka, kar ki fasa ƙwai. A Landan akwai wasan daɓen Christie mai suna The Mousetrap da ake yi tun 1952, korona ce kawai ta taɓa tsayar da shi a 2020, kuma duk daren da aka gama sai a roƙi ƴan kallo su riƙe sirrin wanda ya yi kisan kar su faɗa a waje. In mutanen da ba su san juna ba za su iya riƙe baki sama da shekara 70 ke ma za ki iya na sati biyu. Ni ma'aunina shi ne, ki ba da labari har zuwa inda aka tsinci gawa, ki faɗi waye mamacin, ki faɗi cewa mutane da dama suna da dalilin son ganin bayansa, daga nan ki ja birki.

Matsalar ita ce yawancin masu fasa ƙwai ba su san sun fasa ba. Ba sai kin kira suna ba ai. "Wallahi ban taɓa zaton mace ce ba", kin kashe rabin waɗanda ake zargi kenan. "Ku dai sa ido kan mai kawo madara." "Na yi kuka da na gane, don duk littafin shi na fi so", toh mutum nawa ne abun so a littafin, biyu ne ko uku. Har cewa "ba wanda kuke zato ba ne" ɓarna ce, don mai karatu zai soke duk wanda ya fara zargi. In dole sai kin tattauna ƙarshen, ki sanar tun daga sama cewa wadda ba ta gama ba ta tsaya nan, ki bar fili mai yawa, in a Goodreads ne, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai suna ba su taurari, akwai yadda ake ɓoye sharhin sai mutum ya danna da kansa, in a zaune kuke ki tambaya tukuna ko kowa ta gama, abun da ni ban yi ba kenan.

Toh me ya rage ki faɗa in an hana ki ƙarshe? Da yawa. Wanda ya fi muhimmanci, marubucin ya yi miki adalci ko ya yi miki coge? A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin labaran nan, ya jera dokoki goma, a ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, ba aljanu ba tsafi wajen warware lamari, duk alamar da mai bincike ya tsinta dole a nuna wa mai karatu, kuma ba a jawo tagwaye daga sama sai in an share fage. Ba wahayi ba ne, marubuta sun karya su sun sake karyawa, Christie da kanta ta yi wani abu a The Murder of Roger Ackroyd na 1926 da har yau ake gardama ko coge ne ko gwaninta, kuma ba zan faɗa miki menene ba. Amma dokokin suna ba ki abun awo. Yadda nake yi, in na gama sai in koma baya in buɗe babi uku ko huɗu na farko in ga ko alamun suna nan na tsallake su, in na same su zaune a fili ina ta wuce su sai in ce marubuciyar ta ci ni da halal, in kuwa sai a shafi goma na ƙarshe aka fito da wata wasiƙa da ba a taɓa ambata ba, wannan ki faɗa, "an ɓoye mana abun da ya kamata mu gani", ba sai kin ce menene ba. Ki kuma faɗi a ina kika gano, tsakiya ko kusa da ƙarshe ko sam ba ki gano ba, masu karanta kozi suna son jin wannan kamar yadda masu kallon ƙwallo ke son jin minti nawa aka ci.

Bayan haka ki yi maganar garin da mutanensa, don gaskiya rabin masu karanta kozi ba kisan ne ya dame su ba, ziyara suke zuwa. Tambayar ita ce za ki so ki koma? Littattafan Mma Ramotswe na Alexander McCall Smith, wanda na farkonsu ya fito a 1998, kusan ma ba kisa a ciki, mata ce a Gaborone ta Botswana da ta sayar da shanun da babanta ya bar mata ta buɗe ofishin bincike, mijin da ya ɓata, mutumin da ya zo ya ce shi ne uban wata ya tare a gidanta, irin waɗannan, amma mutane suna ta komawa saboda ita da sakatariyarta Mma Makutsi mai alfahari da maki 97 da ta ci a makarantar koyon sakatariya, da shayinsu na ja. In jeri ne ki faɗi na nawa ne kuma ko mutum zai iya farawa daga nan. In akwai kyanwa ko kare ki faɗi cewa ba abun da ya same shi, kar ki yi dariya, akwai masu karatun da za su yafe a kashe mutum biyar amma ba za su yafe a taɓa mage ba. In irin masu girke-girke ne a ƙarshen babi kamar na Joanne Fluke, kuma kin gwada, ki faɗi yadda ya fito, ki tuna mana cewa awonsu na Amurka ne, in an ce 350 a oben ɗinmu wajen 180 kenan, kuma in akwai giya ko naman alade a girkin ki faɗa tun wuri kar wata ta sayi fulawa da bota a banza.

Yanzu littafin jinya, inda aka fi yin ɓaranɓarama.

Abun da ya same ni a zaman nan daga baya na gane shi, na fito daga kozi ne da yunwar a warware min komai, na shiga littafin jinyar ina jiran a kama mai laifi. Ina jiran likitan da zai shigo ya tara kowa a falo ya ce ga sunan ciwon ga maganinsa, ta sha ta miƙe. Ciwon da ya zama ɗan gida ba haka yake ba, sikila, ciwon suga, lufus, ciwon ƙoda, yau da sauƙi gobe ya tashi, wani ma shekara goma ana yawo ba a sa masa suna ba. Wani malamin zamantakewa Arthur Frank a littafinsa na 1995 ya kasa labaran masu ciwo gida uku, akwai na "na kwanta, na sha magani, na warke" wanda shi lafiyayyu suka fi son ji, akwai na ruɗani wanda ba kai ba gindi sai wannan ya faru sai wancan ya faru, akwai kuma na wanda ya ɗauki ciwon a matsayin tafiya ya dawo da wani abu a hannu. In marubuciya ta ba ki na biyu kika auna ta da mudun na farko, ke kika yi kuskure. Don haka kafin ki rubuta "maimaici ya yi yawa" ki tambayi kanki, rubutun ne ya maimaita kansa ko rayuwar ce? Wani lokacin rubutun ne da gaske, ta faɗi abu ɗaya da kalmomi ɗaya sau huɗu edita ya yi barci, wannan ki faɗa. Amma in komawa asibiti karo na tara ne ya gundure ki, ita ma ya gundure ta.

Ki fara sharhinki da faɗin inda kike tsaye. Lafiyayya ce ke, ko mai jinyar wani, ko ke ma kina ɗauke da naki ciwon. Ba dole ki tona asirin jikinki ba in ba kya so, amma jimla ɗaya irin "ni ban taɓa kwanciya asibiti ba" tana sa mai karanta sharhin ya san da wane kunne zai saurare ki.

Ki raba rubutu da mutum. A littafin ƙirƙira kina da ikon cewa na tsani wance, ta cika mita. A nan wance tana raye, wataƙila tana kwance da waya a hannu tana karanta abun da kika rubuta, kuma ko ita ba ta gani ba masu irin ciwonta za su gani. "Ta cika ƙorafi", "ta cika son kanta", "anya ma ciwon ya kai haka", wannan na ƙarshen shi ne mafi muni don shi ne ainihin abun da suke ji a bakin dangi da wasu ma'aikatan asibiti, wai ai ga ki nan garau. Kuma don Allah ki ajiye takardar maganinki. Mu Hausawa ba ma iya ganin mara lafiya mu ƙyale, an gwada habbatus sauda da zuma? zogale fa? akwai wani mai magani a ƙauyen su wane. Ƙanwata ta ce da za a tara duk abun da aka ce ta jiƙa ta sha tun tana yarinya da ya cika tanki. Wadda ta zauna ta rubuta shafi ɗari biyu kan ciwonta ta fi ki sanin abun da aka gwada.

Akwai kuma wani mai kama da yabo, "littafin nan ya sa na gode wa Allah da lafiyata". Godiya ga Allah ba wanda zai hana ki, ki yi ta a sallayarki. Amma in shi kaɗai ne abun da kika rubuta, kin mayar da baiwar Allah madubin duba sa'arki kenan, kuma mai ciwon da ta karanta abun da za ta ji shi ne, Allah na gode da ba ka yi ni kamar ke ba. Haka "jaruma ce" in aka tsaya a nan, daɗin baki ne da ba ya nuna kin karanta.

Abun da ke nuna kin karanta shi ne ki ɗauko abu ɗaya ƙarami ki riƙe. Misali littafin Elisabeth Tova Bailey na 2010, The Sound of a Wild Snail Eating. Matar tana kwance ko zama ba ta iya yi sosai, sai wata ƙawarta ta kawo mata tukunyar fure daga daji da ɗan dodon koɗi a ciki. Da dare ɗaki shiru har tana jin ƙarar cin abincinsa, da safe ta ga ya huhhuda takardar da ke kusa, daga baya aka yi masa gida a akwatin gilashi tana ba shi naman kaza irin wanda ke tsirowa a ƙasa, wato laimar kwaɗi, tana kallonsa yana tafiyarsa a hankali, saurinsa daidai da nata. In kika ce "ban taɓa sanin shirun ɗakin mara lafiya zai kai a ji dodon koɗi yana tauna ba", kin faɗi abun da ya fi taurari biyar. Ko misalin cokula na Christine Miserandino mai lufus, wanda ta rubuta a 2003, suna zaune a gidan abinci ƙawarta ta tambaye ta ya ciwon yake, sai ta tattara cokula 12 ta damƙa mata ta ce wannan ne ƙarfinki na yau, tashi daga gado cokali ɗaya, wanka ɗaya, sa kaya ɗaya, kafin a fita aiki rabi sun tafi. Yanzu a gidanmu in ƙanwata ta ce "Yaya cokula biyu suka rage min" ba mai sake ce mata ta daure ta zo biki.

Kar ki ɗauka wai an hana suka. Tausayi da ke sa a ba kowane littafin jinya taurari biyar shi ma raini ne, kamar kina cewa ba marubuciya ba ce mara lafiya ce kawai. In bayanin likitanci ya yi nauyi har kin ɓace ki faɗa a wane babi. In tana tsalle daga shekara zuwa shekara har ba ki san ina ake ba ki faɗa. Ni abun da na fi yawan kamawa shi ne kuɗi, wata za ta ga likita goma sha a Amurka, gwaji kan gwaji, ba ta taɓa cewa wa ya biya ba, mu da muka san yadda ake neman jini da tsakar dare ana kiran ƴan'uwa ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake rubuto magani a ce ku je waje ku saya, dole mu ji akwai rami a labarin. Taurarin kuma na rubutun ne, in kin ba da uku ki ce na rubutun ne, wasu ma ba sa ba irin littafin nan tauraro sam, sharhi kawai suke yi, ni ma yanzu haka nake yi.

Wani abun mamaki, dokar fasa ƙwai a nan juyewa take. Mai ciwo tana so ta sani tun kafin ta fara, ta warke ko ba ta warke ba, akwai mutuwar wani a ciki, akwai wurin da ta yi tunanin kashe kanta, akwai dogon bayanin allura da tiyata. Ki faɗa a taƙaice a sama. Ba nishaɗi kike ɓata mata ba, taimaka mata kike ta zaɓi ranar da za ta iya ɗauka.

Wannan ya kawo ni kan ba wa mutum shawarar littafi, don sharhi ai ƙarshensa kenan. Kar ki ga mutum a gadon asibiti ki miƙa masa littafin jinya wai zai ga irinsa, tambaya ake yi. Ƙanwata littafin jinya sai tana garau take karantawa, a gida, da biro a hannu tana ja wa layi. In ciwon ya tashi kuwa kozi take so, ta ce babin gajeru ne ko ta yi gyangyaɗi ba ta ɓata, kuma ko ba komai ta san akwai wani wuri a duniya da ake tambaya a samu amsa kafin shafin ƙarshe. In za ki kai wa mara lafiya ki zaɓi mara nauyi a hannu, don hannu ɗaya yana ɗaure da robar ƙarin ruwa, ko ki sa mata na saurare a waya, ko ki zauna ki karanta mata.

Kwanciyarta ta ƙarshe haka muka yi, ina karanta mata Mma Ramotswe ina juya shi da Hausa don idonta ba ya son haske, ashe wata dattijuwa a gadon gefe duk tana ji, rana ta biyu sai ji na yi ta ce "ƴar nan ɗaga murya mana, ina aka kwana da maganar yaron nan da ya ɓata?" Aka sallame mu saura babi huɗu. Ina haɗa flas da bargo na sunkuya zan raɗa mata yadda ta ƙare, ƙanwata ta riƙe min mayafi ta ce "Yaya kar ki soma." Sai ƴar dattijuwar ta karɓi lambata, kwana uku ina tura musu babi ɗaiɗai da murya bayan sallar isha'i, ranar na ƙarshe tsohuwar ta turo nata saƙon tana cewa ita tun a asibiti ta gano, kawai ba ta so ta ɓata mana ne.